Inda hannu ya saba zuwa

Ranar da aka kai ni koyon wayarin mota a wani gareji a Kano, maigidana bai ba ni sifana ba. Makullin Fijo 504 ya miƙo min ya ce, "Yaro, tayar min da ita." Na yi ta laluben ramin makulli a dama da sitiyari, shi kuwa yana dariya har da riƙe ciki. Ashe ramin yana hagu, sandar sigina ce a dama, hon ɗin ma a jikin sanda yake. Ya ce, "Kafin ka san waya, ka san hannun wanda ya ƙera motar."

A wancan zamani Fijo ce mota. Tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, direbobinmu suka tashi da tsarin Faransawa a yatsunsu, har ya zama idan mutum ya koma motar Japan shi ne baƙo. Ga 404 kuma da giyarta a wuyan sitiyari, abin da ya ba mutum uku damar zama a gaba.

Daga baya na gane cewa wannan ruɗani ya girmi kakanninmu. Ford Model T ta 1908 tana da matakai uku a ƙasa, amma na hagu giya ne, na tsakiya ribas, na dama birki, totur kuwa da hannu ake jan sa. Tsarin da muka sani yau, kuloci, birki, totur, sai a 1916 Cadillac ta fito da shi, Austin 7 ta Ingila ta yaɗa shi daga 1922. Ƙafa ta samu doka, hannu bai samu ba, don haka kowane kamfani ya ci gaba da yin abin da ya ga dama.

Sai dai yawancinsu da dalili suka yi, kuma wannan ne ya sa nake ganin girman tsofaffin injiniyoyi. Saab ta Suwidin ta sauko da makulli tsakanin kujeru, kusa da giya, don kada ya fasa gwiwar direba in an yi karo, kuma a masu giyar hannu ba ya fita sai ka sa ribas, wato ka kulle giya ke nan a kan ɓarawo. Citroën DS ta 1955 wani maɓalli mai kama da laimar kwaɗi ta sa a gurbin birki, saboda matsin mai ne ke aikin, taɓawa kaɗan ta isa. Tsohuwar Bitil kuwa da iskar safayar taya take fesa ruwan gilashi. An huta da sayen famfo. Amurkawa da ƙafar hagu suke sauya fitila daga dim zuwa ful, har cikin shekarun 1970.

Da motocin Kwatano suka cika gari, garejinmu ya koma makaranta. Alhaji zai sayi Marsandi ya zo yana cewa ba a sa masa hambirek ba, sai ka nuna masa ɗan matakin da ke can gefen hagu. Kwana uku ƙafarsa ta haddace.

Abin da ke damuna yanzu shi ne allon taɓawa. Maɓalli ko a ina aka ɓoye shi, hannu zai koye shi ya riƙa samun sa cikin duhu. Gilashi kuwa sumul yake, dole ido ya bar titi. A 2023 Tesla ta cire sandar sigina daga Model 3 ta mayar da ita maɓallai a kan sitiyari, to a shataletale, sitiyari na juyawa, wanne ne hagu? Hukumar gwajin motoci ta Turai, Euro NCAP, ta ce daga 2026 za ta rage maki ga motar da ta tura sigina, waifa, hon ko fitilar haɗari cikin allo.

Mu a nan, suwic in ya mutu buɗe shi muke yi, mu goge tagullar da sanfefa, ya tashi. Makon jiya aka kawo wata mota da allonta ya ɗauke, ya tafi da esi da rediyo gaba ɗaya. Yarona ya ɗauko sanfefa, ya tsaya yana kallona.