Me Ke Jefa Yara Cikin Shan Taba Sigari, Kuma Laifin Yana Kan Wa?

Godiya ta tabbata ga Allah.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, mafi yawan mashaya taba sun fara ne kafin su cika shekara 18. Kuma ba daɗi ke jan yaro ba, domin zuƙar farko tari ce da jiri da ɗacin baki. Abin da yake nema shi ne abokansa su daina kiransa yaro. Shi ya sa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kamanta mugun aboki da mai zuga wutar maƙera: ko ya ƙona maka tufafi, ko ka kwashi wari.

Sai dai sau da yawa daga gida ake buɗe ƙofar. Uban da ke aiken ɗansa ya sayo masa kara biyu wajen mai tireda ya koya masa sunan tabar da farashinta da inda ake samunta, ya kuma cire masa kunyar tambaya. Gobe da kuɗin tararsa zai saya, mai tireda kuwa ya ɗauka aike ne. Wani yaron ma da guntun da yayansa ya yar yake farawa. A Nijeriya, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara, amma ana yi a fili. Ga kuma shisha, wadda ƙamshin 'ya'yan itatuwa ke ɓoye wa yara cewa taba ce.

Da zarar ya maimaita, sinadarin nikotin ya kama shi, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba ta fi saurin kamuwa.

Game da hukunci: mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan haramcin taba, saboda tabbacin cutarwarta da almubazzarancin dukiya. Yaron da bai balaga ba an ɗauke masa alƙalami. Wanda ya aike shi, ko ya sayar masa, ko ya gani ya kau da kai alhali shi ne waliyyinsa, shi za a tambaya.

Ke kuma 'yar'uwa, idan kin ji warin a rigarsa, kada ki ɓoye wa mahaifinsa, kada kuma ki tona shi gaban ƙannensa. Ki keɓe shi, ki tambaye shi wa ya fara ba shi. Idan mahaifin mashayi ne, to nasihar daga kansa za ta fara.

Allah ne mafi sani.