Kan Sarki da Ambulan a Matsayin Shaidar Tarihi: Wasiƙun Zamanin Yaƙi a Gabashin Sakkwato

Gabatarwa

 Abin da muka ɗauko a wannan maƙala abu ne ƙarami ga ido, wanda manazarta tarihin ƙasarmu ba su cika waiwayarsa ba, wato kan sarki da ambulan ɗin da aka manna shi a kai, musamman waɗanda suka ratsa gidan waya a zamanin yaƙi. A Turai tara irin waɗannan abubuwa ya daɗe da zama fanni mai ƙungiyoyi da mujallu, har akwai ƙungiyar da ta keɓanta da Afirka ta Yamma, mai suna West Africa Study Circle, wadda ke buga mujallar Cameo. Manufarmu biyu ce. Ta farko, mu nuna irin labarin da ambulan guda yake iya bayarwa. Ta biyu, mu jawo hankali ga waɗanda suka saura a garuruwa irin su Giyawa da Goronyo da Wurno da Raba, tun kafin su salwanta.

Wasiƙa kafin zuwan Turawa

Wajibi ne mu fara da cewa wasiƙa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, kuma wasu daga cikin magadansa sun zauna a cikinta. Sabili da haka manzanni sun yi ta kai da kawowa tsakaninta da Kano da Katsina da Zazzau da Adamawa, ɗauke da takardun Larabci masu hatimi. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, su ne H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, kuma mafi yawansu wasiƙun zamanin yaƙi ne, domin labarin matsowar Nasara suke ɗauke da shi. Haka kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a Wurno a 1853 da 1854, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, lokacin da saƙo ke shafe watanni a Sahara, har aka baza labarin mutuwarsa a Turai alhali yana raye.

Abin da wancan tsari ya rasa shi ne hanyar da talaka zai biya kuɗi kaɗan a kai masa takarda inda ba shi da ɗan aike. Wasiƙa ta sarakuna ce da malamai da attajirai. Saura kuwa sai su ba fatake da mahajjata sallahu.

Gidan waya da kan sarki

Kafin 1900 Kamfanin Neja yana amfani da kan sarkin Ingila, yana buga masa hatiminsa a tashoshi irin su Akasa da Burutu da Lokoja. Da aka kafa mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, sai a cikin shekarar aka fito da kan sarki mai sunan Nijeriya ta Arewa, ɗauke da hoton Sarauniya Biktoriya, wanda kamfanin De La Rue na Landan ya buga. Na Sarki Edward na Bakwai ya biyo baya a 1902, na Sarki Joji na Biyar a 1912. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka koma ga kan sarki guda mai sunan Nijeriya. A cikin na Arewa akwai na fam 25 da aka buga a 1904, wanda ƙarancinsa ya sa ya shiga sahun mafiya tsada a wurin masu tarawa.

Sunayen da Hausawa suka ba waɗannan abubuwa su kansu tarihi ne. An ce gidan waya domin wayar tangaraho ce ta fara jan idon mutane a wurin. An ce kan sarki domin daga 1902 har zuwa rasuwar Sarki Joji na Shida a 1952, shekara hamsin ke nan, kan wani sarki namiji ake gani a takardar. Sunan ya zauna daram, ko da hoton ya koma na Sarauniya, daga baya kuma ya koma na tsuntsaye da dabbobi.

Game da hanya kuwa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda kuma ya kammala a 1929. Wannan ya rage wa jakar wasiƙun Sakkwato nisan da a da ake yi da ita a ka ko a bayan dabba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya bar alamarsa ƙarara a kan sarki. Da Jamusawa suka miƙa wuya a Togo cikin Agusta 1914, sai aka ɗauki kan sarkinsu mai hoton jirgin ruwan Kaisa aka buga masa rubutun mamayar Ingila da Faransa. Haka aka yi a Kamaru a 1915, inda aka buga haruffan C.E.F., sunan rundunar da ta ci ƙasar, tare da sabon farashi na kwabo da sule. A cikin mayaƙan da suka karɓi Garwa a Yuni 1915, suka tsare dutsen Mora har ya miƙa wuya a Fabrairu 1916, akwai sojojin Nijeriya masu yawa 'yan Arewa, kuma daga baya an tura su Afirka ta Gabas. Sai dai galibin ambulan ɗin wancan zamani da suka shiga hannun masu tarawa na hafsoshin Turawa ne, domin ƙaramin soja a lokacin bai saba da gidan waya ba tukuna.

Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙin Hitila shi ne ya shigar da wasiƙar gidan waya cikin ƙauye. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha, suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga nan zuwa Bama, inda suka fafata da Japan a kwarin Kaladan da Myohaung. Mafi yawansu ba su dawo gida ba sai 1946. Mutumin da ya rabu da iyalinsa shekara biyu ko uku, a bayan teku, ba shi da fatake ko mahajjatan da zai ba sallahu. Dole ya rubuta, ko ya sa a rubuta masa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 a hannun Malam Abubakar Imam, tana isa ga sojojin, tana kuma buga wasiƙunsu.

Yaƙin ya sauya hanyoyin saƙo ta fuska biyu. Ta sama, jirgin wasiƙu ya fara zuwa Kano daga Hartum a 1936, amma daga 1940 hanyar Takoradi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lami, Hartum da Alƙahira ta zama jijiyar Ingila, a Disamba 1941 kuma kamfanin Pan American ya haɗa Amurka da Ikko. Ta ƙasa kuwa al'amarin rufewa ya yi. Daga 1940 zuwa Nuwamba 1942 Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy, har aka buga kan sarki mai sunan Nijar da hoton Marshal Petain a 1941. Iyakar da ke arewa da Lardin Sakkwato ta zama iyakar zargi, alhali mutanen Illela da na Birnin Ƙonni dangin juna ne. Duk ambulan ɗin da ya tsallaka wannan iyaka a cikin waɗannan shekaru shaida ce mai daraja ƙwarai. Bayan yaƙi, a 1946, aka fito da kan sarkin nasara guda biyu, na ahu da na kwabo huɗu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ma ya bar nasa, domin Biyafara ta buga nata kan sarki a 1968.

Yadda ake karanta ambulan

A nan ne muka zo ga zuciyar maganarmu. Kan sarkin da aka ɓamɓare daga ambulan ba ya faɗin komai sai ƙasarsa da farashinsa, kuma irinsa dubbai aka buga. Ambulan cikakke kuwa ba shi da na biyu. Abubuwa biyar ya kamata mai nazari ya duba. Na ɗaya, hatimin gaba, mai nuna ranar da aka jefa wasiƙar. Na soja lamba yake ɗauke da ita maimakon sunan gari, don kada abokan gaba su san inda runduna take, amma masana sun jera lambobin da wurarensu. Na biyu, kuɗin da aka biya, ko rashinsa, tun da wasiƙar sojan da ke fagen daga takan tafi kyauta ta hanyar ruwa. Na uku, hatimin jami'in da ya tace wasiƙar, ko takardar da aka liƙe bakin ambulan da ita bayan an buɗe. Na huɗu, hatiman baya, waɗanda sau da yawa ke nuna zangon da aka bi; idan an cire ranar farko daga ta ƙarshe sai a san kwanakin tafiya. Na biyar, adireshi.

Ga mai tarihin Giyawa adireshi ya fi duka muhimmanci. Garin da ba shi da gidan waya, wasiƙarsa takan biyo ta hannun En'e, daga hakimi zuwa dagaci. Ke nan bayan ambulan zai nuna mana wa ke riƙe da gunduma a wannan rana, da sunan da Turawa ke rubuta garin da shi, da ko rubutun boko ne ko ajami ko duka biyu, da ko hannun sojan ne ko na magatakarda. Mu tuna cewa Sardauna Ahmadu Bello ya zama hakimin Raba a 1934, ya koma Gusau a 1938, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau gado. Takardun gwamnati suna ba mu labarin irin waɗannan manya. Ambulan kuwa yana ba mu sunan talakan da ya tafi Bama da sunan wanda ya bari a gida.

Halin da ake ciki

Manyan littattafan wannan fanni, kamar na Jack Ince da John Sacher na 1992 da na Edward Proud na 1995, an gina su ne kan wasiƙun da suka fita daga Nijeriya zuwa Turai. Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin, wato wasiƙun da suka shigo, yana cikin akwatunan ƙarfe da gafakar malamai a gidajenmu, kuma abokan gabarsa suna da yawa: gara, da gobara, da ruwa irin ambaliyar da ta auka wa kwarin Rima a 2010, da ƙaurar dole da rashin tsaro ya jawo wa ƙauyukan gabashin Sakkwato tun wajejen 2018. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar tsohuwar takarda. Akwai kuma ɓarnar rashin sani, inda yaro zai yanke kan sarki da reza ya jefar da ambulan, ya riƙe ɓawo ya zubar da ƙwaya.

Shawarwarinmu huɗu ne. Kwalejojin ilmi su sa ɗaliban tarihi su yi kundinsu na kammalawa a kan takardun gidajen tsofaffin sojoji. A ɗauki hoton gaba da baya da abin da ke ciki, da izinin masu shi, a bar musu kayansu, domin gado ne. A rubuta bayanin da iyali suka sani tare da hoton, tun da waɗanda suka karɓi wasiƙun sun kusa ƙarewa. A ajiye kwafe a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda za a iya gwada su da fayilolin Lardin Sakkwato.

Kammalawa

Mun ga cewa wannan yanki ya san wasiƙa tun zamanin Wurno, cewa yaƙe-yaƙen ƙarni na ashirin ne suka kai ta hannun talaka, kuma cewa ambulan cikakke yana riƙe da rana da hanya da suna. Hausawa na cewa da sauran kuka, an daki gwauro a ido. Aikin da ke gabanmu shi ne mu je gida gida a Giyawa da maƙwabtanta mu nemi waɗannan takardu, mu rubuta abin da muka samu, don taro na gaba ya ji adadi da sunaye. Allah ya sa mu dace.