Dokokin Bindiga a Arewacin Kamaru: Misalin Yankin Gidar

Wannan takarda za ta yi waiwaye ne a kan yadda hukumomi suka yi ƙoƙarin sanin wanda ke riƙe da bindiga a arewacin Kamaru, musamman a yankin Mayo-Luti, wanda Gidar ce hedkwatarsa. Yankin yana tsakanin iyakoki biyu, Nijeriya ta yamma, Cadi ta gabas, ga kuma babbar hanyar Garwa zuwa Marwa ta ratsa ta Figil. Duk wanda ya dubi taswira zai gane dalilin da ya sa maganar makamai ta daɗe tana damun wurin.

Tun a 1890 Turawa suka ƙulla yarjejeniya a Birasal domin taƙaita shigo da bindigogi Afirka. Jamusawa da suka ci Garwa a 1901, da Faransawa da suka gaje su, duk a kan wannan turba suka tafi: bindigar zamani ta hukuma ce, talaka kuwa sai kwari da baka ko bindigar toka. Bayan samun 'yanci, gwamnatin Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa ɗan Garwa ne, ta fitar da dokar 22 ga Oktoba 1973, wadda ta wajabta neman izini kafin a shigo da bindiga, ko a saye ta, ko a ɗauke ta.

Sai dai rajistar hukuma ba ta ganin kowa sai wanda ya kawo kansa ofis, wato ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai bindigar farauta. Da yaƙin Cadi ya tsananta daga 1979, bindigogin soja suka riƙa tsallako iyaka ba takarda ba shaida, suka faɗa hannun 'yan tare hanya, waɗanda ake kira zargina a can. Masanin tarihi Saibu Isa ya yi littafi guda a kansu a 2010. Da farko motocin 'yan kasuwa suke tarewa ranar cin kasuwa. Daga baya suka koma sace 'ya'yan Mbororo, har sai uba ya sayar da shanu ya biya fansa.

Amsar da gwamnati ta bayar ta ƙarfi ce. A 1998 aka tura jandarmomi na musamman Marwa, waɗanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka zarga da kisa ba tare da shari'a ba, sannan a 2001 aka kafa rundunar BIR. A ƙauyuka kuma aka bar wa lamiɗo da jauro su tsara 'yan banga. Nan ne, a ganina, lissafin ya ƙara rikicewa, domin hukumar da ke neman izini a takarda ita ce ke kawar da kai ga bindigar da maƙeri ya ƙera wa ɗan banga.

Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 ta buƙaci ƙasashen tsakiyar Afirka su yi wa makamai lamba su kuma ajiye rajista, Kamaru ta biyo da dokar 14 ga Disamba 2016. A 2018 minista Paul Atanga Nji ya hana sayar da bindiga a jihohi shida, ciki har da Adamawa. Jihar Arewa, inda Gidar take, ba ta cikinsu.