Salisu Yusuf: Daga Filin Zariya Zuwa Bencin Super Eagles

Mu da muka taso a karkarar Watari, inda gona ke komawa filin ƙwallo da zarar an kwashe amfani, mun haddace sunayen kociyoyin Ingila a gidan kallo. Amma mu nawa ne za mu iya rubuta shafi ɗaya a kan Salisu Yusuf?

An haife shi a Zariya a 1962. Ya buga tsakiya a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, a zamanin da rediyo ne ke kawo mana wasa har ƙauye. Da ya rataye takalmi sai ya koma horarwa. Ya riƙe Kano Pillars, sannan a 2013 ya ɗauki Kofin Tarayya da Enyimba ta Aba.

A 2016 aka ba shi riƙon ƙwarya na Super Eagles, a watan Mayu ya doke Mali da Luxembourg a wasannin sada zumunci. Daga nan ya zama na hannun daman Gernot Rohr. A 2018 ya kai 'yan wasan cikin gida wasan ƙarshe na gasar CHAN, matakin da Najeriya ba ta taɓa kaiwa ba. Maroko mai masaukin baƙi ta ci su 4-0 a Kasabalanka, amma sun dawo da azurfa.

Sai ga jarrabawa. A watan Yulin shekarar, BBC ta fitar da bidiyon binciken ɗan jaridar Ghana, Anas Aremeyaw Anas. An ga Salisu yana karɓar kuɗi daga wasu da suka yi shigar dillalan 'yan wasa, suna neman a saka musu yara biyu a tawaga. Shi dai ya ce kyauta ce, kuma ba ta sauya zaɓinsa ba. Duk da haka hukumar NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya, ta ci shi tarar dala 5,000. Bayan wa'adin ya cika, ya koma bakin aikinsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Bidiyon 'yan mintoci ya fi shekarun gumin da ya zuba yawo a wayoyinmu. In mun rubuta kofunan kaɗai, mun zama maroƙa. In mun rubuta bidiyon kaɗai, mun zalunce shi. Tarihi na neman duka biyun, kowanne da shekararsa da hujjarsa.

Dattawan da suka ga wasan Ranchers Bees da idonsu suna nan da rai. Mu ɗauki biro mu je gare su tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Allah Ya sa mu dace.