Al'adun da ake bi bayan zaɓen sabon Fafaroma

Da zarar ɗan takara ya samu kashi biyu bisa uku na ƙuri'un kadinal-kadinal a majami'ar Sistine, sai a tambaye shi ko ya amince, da kuma sunan da zai ɗauka. Amincewarsa ce ke mai da shi Fafaroma nan take. Sai farin hayaƙi ya tashi.

Daga nan ya shiga Ɗakin Hawaye, inda aka tanadi fararen riguna masu girma daban-daban, tunda ba wanda ya san wa za a zaɓa. Wani babban kadinal ne ke shelar "Habemus Papam", wato mun samu Fafaroma, daga benen majami'ar Waliyi Bitrus, kafin sabon shugaban ya fito ya sa wa birnin Rum da duniya albarka.

Babban bikin yana zuwa ne bayan 'yan kwanaki. Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayun 2025, ya yi nasa ranar 18 ga watan. Fafaroma kan fara da addu'a a kabarin Bitrus, sannan a rataya masa pallium, wani siririn mayafi na gashin tumaki da ke nuna shi makiyayi ne, a kuma sanya masa Zoben Masunci, domin kamun kifi ne sana'ar Bitrus.

A da, har kambi mai hawa uku ake ɗora masa. Paul na 6 ne na ƙarshe da aka yi wa haka, a 1963. John Paul na 1 ya ƙi wannan naɗi a 1978, kuma babu wanda ya sake komawa gare shi.