Daga Alƙalamin Muhuti Zuwa Takardar Lauya: Tarihin Koyon Rubutun Shari'a a Ƙasar Gobir

Ɗalibin da ya taso daga Isa ko Sabon Birni don karatun lauya a yau zai yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara da guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, kuma kusan duk takardar da za a koya masa tsarawa da Turanci ce. Amma ranar da ya karɓi shari'ar gona ko ta gado daga kotun garinsu, kwafin shari'ar da za a miƙo masa da Hausa zai gan shi, ga kalmomin Larabci birjik a ciki. Wannan giɓi ya daɗe, domin tushensa ya haura shekara 200.

Tun Gobirawa suna mulki daga Alkalawa, birnin da kufansa yake kusa da Sabon Birni, malaman ƙasar suna karantar da fiƙihun Malikiyya a zaurukansu. Ɗalibi yakan bi ta Risala, ya hau Muhtasar na Halil, wanda kuma ya nufi alƙalanci ya haɗa da Tuhfatul Hukkam, waƙen da Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, ya tsara kafin rasuwarsa a 1426. Malam ya ja baƙi ya fassara, ɗalibi ya koma gida ya kwafe littafin da hannunsa, yana cusa bayanin malam a gefen shafi. A nan hannu yake faɗawa, a nan ake sabawa da gajarta magana da ajiye kowace kalma a mazauninta.

Gyaran shari'a yana cikin manyan abubuwan da masu jihadi suka sa a gaba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki karɓar toshiya da yanke hukunci bisa son zuciya a littafinsa Kitabul Farƙi. Ƙanensa Abdullahi kuwa ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, don jagorantar masu mulki da alƙalai, tun kafin Alkalawa ta faɗi a 1808. Duk da haka, ita shari'ar da baki ake yin ta. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa, wanda ake ƙara ya amsa ko ya musa, a kira shaidu, in babu a koma ga rantsuwa. An fi ganin rubutu a fatawa da wasiƙun da suke kai da komo tsakanin Sakkwato da sarakuna. Mai son gwanancewa sai ya zauna gindin alƙali a matsayin muhuti, yana saurare yana rubutu, har ranar da za a ce ya isa.

Yaƙi ya raba Gobirawa tun kafin zuwan Turawa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 wasu suka kafa Tsibiri, daga baya ɗaya daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Isa kuma tana tsaron iyaka a ɓangaren Sakkwato. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, aka ja layi tsakaninsu da Faransa, sai dangi ɗaya suka tashi da doka biyu. Ɗan Tsibiri da ya karanta shari'a a Yamai da Faransanci yake rubutu, ɗan uwansa na Sabon Birni da Turanci.

Turawan Ingila ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai dai sun sa su a ƙarƙashin Dokar Kotunan Gargajiya ta 1906, suka kuma dage a kan ajiye littafin shari'a wanda Razdan ko Di'o zai duba. Wannan ne ya sauya aikin daga tushe. A da alƙali ya san masu shari'a, ya san iyayensu, ya san gonar da ake jayayya a kanta. Yanzu dole rubutu ya gamsar da baƙon da bai halarci zaman ba, yana kuma da ikon soke hukuncin. Bayanan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914 da suka tsira sun nuna salon zamanin: da Larabci, a taƙaice, wane ya yi ƙarar wane, ga abin da aka yanke.

Daga nan koyon aikin ya fara shiga aji. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Malam Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka fito daga can, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Sakkwato ma ta yi makarantar alƙalai, wadda Malam Junaidu ya shugabanta kafin a naɗa shi Waziri a 1948.

Babban sauyi ya zo dab da samun 'yancin kai. Kwamitin masana shari'a na 1958 ya ba da shawarar kundin laifuffuka guda ga Arewa duka, aka fara aiki da shi a 1960 tare da kundin tsarin shari'ar laifuffuka. Aka riƙa kai alƙalai kwas a Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, suna koyon tsara tuhuma, ambaton sashen doka, da rubuta dalilin hukunci. Sannu a hankali Hausar boko ta ture Larabci daga littafin kotu, rajistara ya gaji muhuti.

A gefe guda kuma hanyar lauyoyi ta buɗe. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara da tsangayar shari'a a 1962, Makarantar Horas da Lauyoyi ta soma a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ita ta kawo wa 'ya'yan gabashin Sakkwato karatun kusa da gida. Darajar rubutu kuma sai hauhawa take: tun daga 1977 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gabatar da hujjojin ɗaukaka ƙara a rubuce, maimakon dogaro da zaƙin baki. A 2008 Makarantar Horas da Lauyoyi ta sake manhajarta, ta rage lacca, ta sa ɗalibai su riƙa tsara takardun ƙara, yarjejeniya da wasiyya da hannunsu.

Shari'ar Safiya Hussaini ta nuna nauyin abin da rajistara yake rubutawa. Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin rajamu a Oktoban 2001. Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta sallame ta. Cikin dalilan akwai cewa abin ya auku tun dokar ba ta fara aiki ba, kuma kwafin shari'ar bai nuna an fayyace rana da wurin da aka yi laifin ba, ko an yi mata cikakken bayanin tuhumar. Kotun sama ba ta ga zaman farko ba, takarda ta gani. Haka abin yake a ƙananan shari'u: in alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin hukunci, amma ba a rubuta ba, a wurin ɗaukaka ƙara kamar ba a yi ba ne. In kuma shari'a ta kai inda Turanci ne harshen kotu, sai an fassara kwafin, kuma kalma ɗaya da aka karkatar tana iya raba magada da gonarsu.

Saboda haka aikin da ya rage a bayyane yake. Tsangayoyin shari'a da kwalejojin horas da alƙalai na wannan yanki ya kamata su ware darasi na musamman a kan rubutun shari'a da Hausa: yadda ake ɗaukar da'awa, yadda ake rubuta shaida ba ƙari ba ragi, da yadda ake fassara kwafi tsakanin Hausa da Turanci. A tura ɗalibai kotunan Isa da Sabon Birni su zauna kusa da rajistara, malamansu kuma su bi abin da suka rubuto layi-layi suna gyarawa. Haƙƙin talaka a kan wannan takarda ya rataya, don haka a koyar da rubuta ta da harshen da yake ji.