Yadda Kumbunan Apollo Suka Ɗauki Hoton Juna a Kewayen Wata

Akwai wani tsohon hoto da ya zaga duniya: ƙaramin kumbo yana tasowa daga fuskar wata, can bayansa kuma ga duniyarmu, rabinta a haske. Mai lura zai tambaya, to wa ya riƙe kyamarar? Amsar ta faro tun 1962, shekara bakwai kafin a ɗauki hoton, lokacin da injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka ke jayayya kan yadda za a kai mutum wata.

Wasu na son babban kumbo guda ya sauka gaba ɗayansa, ya kuma taso. Wani injiniya mai suna John Houbolt ya kafe kan a raba shi biyu: uwar kumbon ta tsaya tana kewaya wata da mutum ɗaya, ƙaramin ya sauka da mutum biyu, sannan ya dawo su haɗu. An daɗe ana yi masa kunnen uwar shegu, amma a Yulin 1962 NASA ta karɓi shawararsa. Lissafin nauyi da mai ne ya dami Houbolt. Sai dai wannan rabuwar ce ta sa aka samu taga biyu suna fuskantar juna a can, kowace da mutum a bayanta.

A Oktoban shekarar, ɗan sama jannati Wally Schirra ya tafi sararin samaniya da kyamarar Hasselblad, ƙirar Suwidin, bayan an cire mata madubi da fatar jikinta don ta rage nauyi. Daga nan NASA ta riƙe kamfanin. Kodak kuma ya samar da fim siriri mai faɗin milimita 70, yadda gwangwani ɗaya zai ci hoto fiye da 100. A Disamban 1965 aka gwada hannu a kewayen duniya, inda Schirra da Tom Stafford a Gemini 6 suka matso dab da Gemini 7 suka ɗauke shi.

Apollo 8 ne ya fara kai mutane kewayen wata, ranar 24 ga Disamba 1968. A ranar Bill Anders ya hango duniya na ɓullowa daga bayan wata, ya nemi a miƙo masa fim mai launi cikin gaggawa. Amma su kaɗai ne a can, ba wanda zai ɗauki kumbonsu daga waje. Wannan sai a Mayun 1969, da Apollo 10. Stafford ɗin nan da Gene Cernan suka balle a ƙaramin kumbo Snoopy, suka sauka har saura kusan kilomita 15 su taɓa wata, John Young ya zauna a uwar kumbo Charlie Brown, kowane ɓangare na ɗaukar ɗan uwansa.

Hotunan ba na ado kawai ba ne. Ranar 20 ga Yuli 1969, bayan ƙaramin kumbo Eagle ya rabu da uwar kumbo Columbia, Neil Armstrong ya riƙa juya shi a hankali don Michael Collins da ke cikin Columbia ya duba ko ƙafafun sauka sun miƙe daidai. Washegari Collins ya ɗauki hoton nan na Eagle yana dawowa. A ganina babu kamarsa cikin duk tarin: Armstrong da Buzz Aldrin na cikin kumbon, sauran 'yan Adam na kan duniyar da ke bayansa, Collins kaɗai ne ba ya ciki.

Aikin kuwa da wuya. Babu iska a can da za ta tausasa hasken rana, don haka gefe ɗaya na kumbo na ƙyalli, ɗayan baƙi ƙirin. Da hannu ake saita komai, kuma ba a ganin sakamako sai an wanke fim a Houston. Masu cewa hotunan ƙarya ne don ba a ganin taurari sun manta da wannan: kyamarar da aka saita wa haske mai ƙarfi ba ta kama tauraro mai dishi-dishi.

Daga Apollo 15 aka ƙara manyan kyamarorin taswira a jikin uwar kumbo ta waje, har a Agustan 1971 sai da Al Worden ya fita sarari a hanyar dawowa ya ɗebo fim ɗin. Apollo 17 ya rufe shirin a Disamban 1972.

Ainihin fina-finan na ajiye cikin sanyi a Cibiyar Johnson da ke Houston. A 2015 an ɗora dubban hotunan a Flickr, kyauta. Mai karatu, in ka samu dama ka neme su, ka nuna wa yaranka, ka kuma gaya musu sunan wanda ya riƙe kyamarar.